Kubwa, Lugbe ko Kuje: A Wace Unguwa Mai Iyali Zai Sayi Gida a Abuja?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau buƙata ta kawo ni, domin ina gab da yanke shawarar da ba na son in yanke ta ni kaɗai. Shekarata 13 ina aikin gwamnati a Abuja, kuma duk tsawon wannan lokaci a gidan haya nake: na fara daga Nyanya, na koma Dutse Alhaji, yanzu ina Kubwa. Ina da 'ya'ya huɗu, babbarsu tana aji biyu a ƙaramar sakandare, biyu suna firamare, autan kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Mahaifiyata takan zo daga Zariya ta yi wata biyu ko uku a wurinmu saboda ganin likita. Da abin da na tara, da kuɗin gonar gado da na sayar, da rancen ƙungiyar adashi ta wurin aiki, Allah ya hore mini abin da zai sayi gida ɗaya, kuma na san idan na yi kuskure ba ni da wata gonar da zan sake sayarwa.

Dillalai sun nuna mini gidaje da dama, uku ne suka tsaya mini a rai. Na farko yana nan Kubwa, tsohon gini ne mai ɗaki uku, tsakar gidansa ba ta da girma, rufin yana buƙatar gyara, amma bai fi tafiyar minti goma a ƙafa daga makarantar yarana ba. Na biyu sabo ne fil, a cikin wani rukunin gidaje mai katanga da masu gadi a bayan Lugbe, ɗaki huɗu kowanne da banɗakinsa, ko ni da na shiga sai da zuciyata ta kwanta da shi. Na uku yana Kuje, ɗaki biyar da fili mai faɗi wanda za a iya yin kiwo da ɗan lambu a cikinsa, kuma ya fi sauran biyun araha nesa ba kusa ba.

Ni ba kyan gini nake tambaya a kai ba, wannan idona ya gani. Abin da nake so in ji daga bakin waɗanda suka riga ni shi ne, da me ake gane unguwar da za ta karɓi yara da mace da tsohuwa, ba maigidan da zai fita da asuba ya dawo bayan isha'i kawai ba?

Malam Na-Masaka:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a abin da ka samu, ya sa a shiga a sa'a. Zan fara da hanya, domin ita ce ta ci ni. A 2017 na sayi fili a Masaka na gina gida mai faɗi, saboda kuɗin da ke hannuna ba zai sayi ko ɗaki biyu a cikin birni ba. Gidan yana nan, ina godiya ga Allah, amma ga yadda rayuwata ta koma. Ina fita da ƙarfe biyar da kwata na asuba, sau da yawa a masallacin wurin aiki ko a bakin hanya nake sallah, domin idan na kuskura shida ta yi mini a gida, to daga Mararraba zuwa Nyanya, daga gadar Karu zuwa Kugbo har AYA, sai na yi awa biyu ina jan mota kamar mai rakiyar amarya. Da yamma kuma haka. Akwai shekarar da ɗana na uku ya fara magana, sai a bakin mahaifiyarsa nake jin labarin kalmomin da ya koya, domin yana barci nake fita, yana barci nake dawowa.

Sa'an nan ga kuɗin mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira dubu a Abuja. Rarar da na ga na samu a kuɗin fili, gidan mai ne yake karɓe ta kowane wata. Saboda haka shawarata ita ce, kada ka je duba ko ɗaya daga cikin gidajen nan ranar Asabar da hantsi, lokacin da dillalai suka fi son kai mutum. Ka kwana kusa da wurin daren Lahadi, ka fita ranar Litinin a lokacin da za ka riƙa fita, ka duba agogo, sa'an nan ka maimaita da yamma. Ka auna har da nisan da ke tsakanin ƙofar gidan da babban titi, domin titin filin jirgin sama yana da faɗi da kyau, amma wasu gidajen bayan Lugbe kafin ka iso kansa ka gama galabaita.

Injiniya Baban Amir:
Malam Na-Masaka ya yi gaskiya, ni kuma zan ɗora da maganar ruwa, na sama da na sha. Aikina gini ne, kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata shi ne, gidan Abuja da damina ake sayensa. Da rani kowace unguwa amarya ce. Ƙasar Abuja tudu ce da gangare da ƙoramu, kuma an sami masu gina rukunin gidaje da suka cike hanyar ruwa da ƙasa suka dasa gini a kai. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Yunin 2023, lokacin da ambaliya ta mamaye gidaje masu yawa a wani rukuni da ke Lugbe, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin da bala'i ya shafa, kuma ba wannan ne karon farko a wurin ba. A Lokogoma ma an sha rushe gine-ginen da aka yi a kan magudanar ruwa bayan ambaliya ta yi ɓarna. Ban ce duk Lugbe haka take ba, akwai wuraren da ke kan tudu lafiya lau, amma wajibi ne ka san a wane ɓangare naka yake.

Ga abin da za ka duba, ko da ba ka da injiniya a kusa. Ka kalli gindin katangar waje, ba ta cikin falo da aka shafa wa sabon fenti ba. Idan ka ga layi mai duhu a kwance, ko siminti yana ɓarewa yana fitar da fari-fari kamar gishiri, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Ka lura ko daɓen gidan ya fi titi tudu ko titi ne ya fi shi. Ka bi kwatar unguwar da ƙafarka har ka ga inda take zubarwa, ka leƙa kwalbatin da ke mashigar rukunin ka ga ko ya isa ya ɗauki ruwan watan Agusta. Gidajen da masu su suka ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku suna ba ka labari ne ba tare da ka tambaya ba.

Game da ruwan sha, sassa da dama na Kubwa suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ake wankin kayan makaranta da na jariri kullum. Yawancin sababbin rukunan bayan gari da rijiyar burtsatse suke rayuwa, ita kuma sai da wuta take aiki. Ka tambayi tazarar da ke tsakanin rijiyar da ramin masai, naka da na maƙwabci, domin daga nan zazzaɓin taifot yake shiga gidaje da yawa. Wuta kuma ka tambayi rukunin da kamfanin lantarki ya sa layin a ciki: tun Afrilun 2024 masu rukunin A suna biyan kuɗi mai yawa bisa alkawarin awa 20 a rana, na ƙasa da su suna biyan kaɗan suna kuma samun kaɗan. Mai shagon ƙanƙara na unguwar zai fi dillali gaya maka gaskiya.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina neman afuwar iyayenmu da yayyenmu maza, amma na lura tun da aka fara magana babu wanda ya tambayi ko Maman Zainab ta je ta ga gidajen nan da idonta. Yaya Baban Zainab, kai za ka kwana a gidan, ita za ta wuni a cikinsa ta kwana, saboda haka idonta zai ga abin da naka ba zai gani ba.

Mun yi shekara huɗu a wani rukunin gidaje mai kyan gaske a bayan gari. Mota ɗaya gare mu, maigida yake fita da ita. Daga ƙofarmu zuwa babbar ƙofar rukunin tafiya ce mai nisa, kuma ba a barin ɗan acaɓa ko mai keke ya shigo. Idan gishiri ya ƙare sai in jira dare. Wata rana 'yata ta kamu da zazzaɓi mai zafi har ta fara shiɗewa da misalin sha ɗaya na safe, na ɗauke ta a kafaɗa ina gudu a kan titi mai kwalta da fitilu da furanni, babu mutum ko ɗaya a waje, kowane gida a kulle. Wani mai kawo gas ne ya taimaka mini ya kai mu asibiti. Allah ya ba ta lafiya, amma tun daga ranar na daina kallon tayil da silin idan ana maganar gida.

Abin da nake aunawa yanzu shi ne, idan maigida ba ya nan kuma babu mota, mene ne mace da yara za su iya kaiwa da ƙafarsu? Kemis na ƙwarai, wurin cefane, injin markaɗe, makarantar Islamiyya, da gidan wata mace da za ka iya bar wa jariri na awa ɗaya. Tunda kuma ka ambaci Hajiya mahaifiyarka, ka lissafa mintocin da ke tsakanin gidan da asibitin gwamnati mai karɓar marasa lafiya da dare. Kubwa tana da babban asibitinta a cikin gari, Kuje ma tana da nata, amma idan ciwo ya yi tsanani aka tura mutum Babban Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, a nan ne nisa yake bayyana. Ka duba har da matattakala da tsayin dokin banɗaki saboda gwiwar tsohuwa. Kuma tashar jirgin ƙasa ta Kaduna tana nan a Kubwa, ga mai zuwa daga Zariya wannan sauƙi ne da ba a raina shi.

Alhaji Baban Fa'iz:
Na yi wa Maman Ilham jaje a kan abin da ya same ta, amma ina ganin kada mu yi wa rukunin gidaje kuɗin goro. Shekarata takwas a cikin ɗaya, kuma dalilin da ya kai ni tsaro ne. Ba mu manta da yadda aka yi ta satar mutane a wasu unguwannin gefen Bwari da Dutse a ƙarshen 2023 da farkon 2024 ba, har cikin gidajensu. Wanda yake da 'ya'ya mata ba zai ɗauki wannan da wasa ba. A inda nake, baƙo ba ya shiga sai an kira mai gida, yarana suna hawa keke a kan titi bayan la'asar ba na fargabar mota ko ɗan acaɓa, babu gidan giya, babu otal, babu majalisar 'yan shaye-shaye a bakin layi. A buɗaɗɗiyar unguwa kuwa, yau maƙwabcinka mutumin kirki ne, gobe ya sayar da gidan a mayar da shi masaukin baƙi ko wurin kiɗa har asuba. Duk wanda ya san wasu manyan titunan Gwarimpa shekaru goma sha biyar da suka wuce ya san yadda gidajen zama suka rikiɗe suka koma wuraren kasuwanci.

Abin da zan yarda da shi shi ne, akwai kuɗin hidima na shekara-shekara, na masu gadi da kwashe shara da gyaran taransifoma, kuma yana ƙaruwa. Ka nemi ganin shugaban ƙungiyar mazauna wurin kafin ka biya ko sisi, ka tambaye shi nawa ake biya, mutum nawa ne suke ƙin biya, kuma gidaje nawa ne babu kowa a cikinsu. Rukunin da rabinsa kango ne katangarsa ba ta da amfani.

Dattijon Garki:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni na zo Abuja ne a cikin ma'aikatan da aka taso daga Legas lokacin da gwamnati ta tare a watan Disambar 1991, na yi ritaya a nan, na aurar da 'ya'ya shida a nan. Alhaji Baban Fa'iz, maganarka ta tsaro gaskiya ce, amma ka ba ni dama in ce wani abu. Tun muna yara muke jin malamai suna cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma sai da na tsufa na gane nauyin maganar.

Shekaru kaɗan da suka wuce wani abokin aikina ya rasu a gidansa, a cikin irin waɗannan rukunai masu masu gadi. Rasuwar dare ce. Matarsa ta buga ƙofar gida uku babu wanda ya buɗe, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya san muryarta. Mu da muke nesa ne muka zo da safe muka yi masa wanka, kuma da aka tashi kai shi maƙabartar Gudu, waɗanda suka fito daga layinsa ba su cika sahu ɗaya ba, alhali ya yi shekara tara a wurin. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Yaro ba a cikin ɗaki kawai yake tashi ba. Yana tashi ne a hannun mai shagon da zai ce masa koma gida magariba ta yi, da limamin da zai lura kwana biyu bai gan shi a sahu ba, da tsohuwar da za ta kira mahaifiyarsa ta ce na ga 'yarki tsaye da wane a lungu. Da haka muka san cewa ɗa na kowa ne. Saboda haka, Baban Zainab, ka je ka yi sallar magariba da isha'i a masallacin kowace unguwa, ka zauna bayan an sallame, ka ga ko wani zai miƙo maka hannu ya tambaye ka daga ina. Ka ƙirga yaran da ke sahun baya. Ka kuma ga samarin da ke zaune a bakin titi a wannan lokaci, me ke hannunsu, domin su ne yayyen da ɗanka zai tashi yana kallo, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Alhaji Baban Fa'iz:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban musa ba, kuma Allah ya jiƙan abokinka. Sai dai a namu rukunin mun gina masallaci da kuɗinmu, mun ɗauki malamai biyu na Islamiyya, muna kuma da asusun jana'iza da na suna. Mun ɗauki shekara biyar kafin mu kai haka. Ina ganin abin da ya dace mai saye ya bincika shi ne ko mazauna wurin sun riga sun zama jama'a, ko kuwa har yanzu baƙin juna ne da katanga ɗaya ta tara.

Malama Maman Sadiq:
Ni malamar makaranta ce, shekara 16 ina koyarwa, kuma ta ɓangaren yara zan yi magana. Ina ganin ɗalibai da ake tasa da ƙarfe biyar, su karya kumallo a cikin motar makaranta, su iso aji suna gyangyaɗi, su koma gida biyar ta wuce. Irin wannan yaro ba shi da lokacin Islamiyya sai Asabar da Lahadi, ba shi da lokacin wasa, kuma iyaye suna mamakin me ya sa karatunsa ya ja baya. Makarantar da yaro zai taka da ƙafarsa cikin minti goma, ba tare da ya tsallaka babban titi ba, ta fi mini wadda ta fi ta suna amma sai an yi awa ɗaya a mota. Maganar tsallaka titi kuwa ka riƙe ta da kyau a Kubwa da Lugbe duka, domin manyan hanyoyin nan biyu motoci gudu suke yi a kansu ba na wasa ba, kuma yara ba kullum suke hawa gadar masu tafiya a ƙafa ba.

Ka kuma tabbatar akwai zaɓi fiye da ɗaya. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja sun yi yajin aiki na fiye da wata uku, iyayen da babu wata makaranta kusa da su sun ga tasku. Haka nan idan makarantar kuɗi guda ɗaya ce tak a unguwa, duk abin da ta yanka shi za ka biya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato harshe. Yara da yawa da aka haifa a Abuja suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar da amsa, idan aka je gida hutu su kasa hira da kakanninsu. Unguwar da yaro zai sami abokan wasa masu Hausa tana taimakawa ƙwarai. Amma kada a fahimce ni da cewa sai unguwar Hausawa zalla. Maƙwabciyata ta hannun dama Kirista ce daga kudu, ma'aikaciyar jinya, ita ta zauna da ni daren da naƙuda ta kama ni maigida yana Kano, kuma har yau 'ya'yana Mama suke kiranta. Hali ake nema, shi kuwa sai an tambayi mutanen layi ake saninsa.

Barista Baban Nu'aim:
Duk abin da aka faɗa zai zama banza idan takarda ba ta da kyau, domin unguwar da katafila za ta iya shigowa wata safiya ba ta dace da iyali ba, komai kyanta. Dokar mallakar filaye a Babban Birnin Tarayya ta bambanta da ta jihohinmu. Tun dokar da ta kafa birnin a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, ƙasar gaba ɗaya tana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne yake da ikon bayar da ita. Takardar da sarkin ƙauye ko mai unguwa ya sa wa hannu ba ta ba ka mallaka a idon hukuma, ko da shaidu goma ne suka halarta. Wanda ya ga rusau na zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya san cewa wannan ba barazana ba ce kawai.

Gidan Kuje shi ya fi sa ni tambaya. Filaye da yawa a can takardar ƙaramar hukuma gare su, kuma irin waɗannan sai an miƙa su an tantance kafin hukumar birnin ta amince da su. A cikinsu akwai na gaskiya, akwai na jabu, akwai kuma fili ɗaya mai takarda biyu. Ka karɓi kwafin takardun, ka sa lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya nemi bincike a AGIS, wato ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Binciken zai nuna sunan wanda ke kan fayil, da abin da aka ware filin dominsa, da ko an jinginar da shi a banki, da ko akwai bashin harajin fili. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, domin a 2025 hukumar ta sanar da soke dubban takardun mallaka saboda rashin biyan harajin na shekaru.

A rukunin gidaje kuma, sau da yawa babbar takardar tana hannun kamfanin da ya yi ginin, kai wasiƙar rabo kawai za a ba ka. Ka nemi ganin babbar takardar, da taswirar da sashen kula da gine-gine ya amince da ita, ka duba ko gidanka yana cikinta. An sha ganin wurin da aka ware domin filin wasan yara ko hanyar ruwa an yanka shi an yi gidaje. Na Kubwa ma ka bi silsilarsa tun daga wanda aka fara ba wa, idan kuma gidan gado ne ka tabbatar duk magada sun sa hannu.

Malam Na-Masaka:
Barista, ga wanda ya sayi nasa a Mararraba ko Masaka fa, AGIS ɗin zai je?

Barista Baban Nu'aim:
A'a, Malam. Waɗannan suna ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, hukumar filaye ta jihar ce take da bayanansu, kuma gwamnan jihar ne yake sa hannu a takardar mallaka. Haka Suleja da Madalla suna ƙarƙashin Jihar Neja.

Baban Hafsa na Kuje:
Tunda babu wanda ya tsaya wa Kuje, ni zan tsaya mata, domin shekarata shida a can. Akwai kasuwa mai araha, doya da hatsi daga gona suke zuwa, ina kiwon awaki da kaji, yarana sun san yadda ake shuka masara, kuma maƙwabtaka tana nan irin ta gida. Mutane suna tuna harin da aka kai gidan yari a watan Yulin 2022 sai su yanke wa garin hukunci gaba ɗaya, alhali cikin gari daban, bakin daji daban. Tambayar da za ka yi ita ce, gidan da aka nuna maka a tsakiyar jama'a yake ko shi ne na ƙarshe kafin gonaki? Idan shi ne na ƙarshe, ni da nake son Kuje ma ba zan ce ka kai 'ya'ya mata da tsohuwa can ba. Kuma ni sana'ata a garin take, ba na zuwa sakatariyar tarayya kullum. Da aikina irin naka ne, da na yi dogon tunani.

Baban Zainab:
Assalamu alaikum. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne saboda na tafi aikata abin da kuka ce, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fara da ɗaukar Maman Zainab, kamar yadda ƙanwata Maman Ilham ta tunatar da ni, kuma na ji nauyin cewa sai da aka faɗa mini.

Gidan Kuje shi ne na biyun ƙarshe a layinsa, bayansa gonar rogo ce har iyakar gani. Lauyan da na ɗauka ya ce takardar ƙaramar hukuma ce, kuma mai gidan ya kasa nuna shaidar cewa an miƙa ta domin tantancewa. Mun haƙura da shi, duk da cewa filin ya shiga raina. Na Lugbe mun koma ranar da aka kwana ana ruwa. Gidan kansa yana kan tudu, ruwa bai taɓa shi ba, amma ruwa ya shanye kwalbatin da ke kan hanyar shiga, mun tarar da motocin makaranta biyu a tsaye suna jiran ruwa ya janye, yara a ciki. Mai gadin ya ce mini a cikin gidaje goma sha takwas na layin, bakwai ne kawai ake kwana a cikinsu. Maman Zainab ta tambaye shi inda ake markaɗe, sai ya nuna mata hanyar da muka yi minti ashirin a mota kafin mu ga inji.

A Kubwa na yi magariba da isha'i sau uku a masallacin layin, kamar yadda Baba Dattijo ya ce. Tun a daren farko ladan ya tambaye ni ko baƙo ne ni, kafin in tashi mutum huɗu sun ba ni tarihin gidan, har da abin da dillali bai faɗa ba, wato cewa ɗakin baya yana yoyo kuma magada biyar ne, ɗaya yana ƙasar waje. Akwai kuma abin da bai yi mini daɗi ba: a ƙarshen layin akwai wani shagon caca da samari suke cika shi da dare. Mutanen masallacin sun ce sun kai ƙara sau biyu, suna kan bin maganar.

Zuciyarmu ta karkata ga na Kubwa, da ƙanƙantarsa da yoyonsa. Na gaya wa magadan ba zan biya ba sai sakamakon bincike ya fito, kuma sai wanda ke waje ya aiko da wakilci a rubuce. Injiniya, idan kana da sarari ranar Asabar, ina roƙon ka zo ka duba mini rufin kafin mu yi maganar ragi.

Injiniya Baban Amir:
In sha Allahu zan zo bayan la'asar. Ka sa a nemo tsani, kuma ka roƙi masu gidan su buɗe ƙofar silin da murfin ramin masai kafin in iso. Idan katakon rufin ne gara ta ci, kuɗin gyaran zai yi yawa, sai mu rubuta shi dalla-dalla ka kai wa magadan. Ka zo da Zainab da ƙannenta ma, mu taka da su daga ƙofar gidan zuwa makaranta mu ga inda za su riƙa tsallaka titi.